Tsakin Girka

Tun daga filin jirgin Alƙahira Abdulnasir ya fara halin nasa. Direban tasi bai tambaye shi komai ba, shi ya ga ya dace ya sanar da shi cewa daga Yunan suke, wato ƙasar Girka, kuma a can ba haka ake tuƙi ba. Direban ya ce, "Tamam, ya basha," wato to ranka ya daɗe, ya ƙara taka mota. Azara tana baya da 'ya'ya biyu da gwangwanin man zaitun a kan cinya, ta zuba wa ƙeyar mijinta ido. Wannan ƙeyar shekara tara ta yi tana shan matsi a ƙananan bas tsakanin unguwar Hayyin Ashir da makaranta a nan Alƙahira, mai ita yana karin kumallo da dafaffen waken ful da gurasa, bai taɓa cewa uffan ba. Yanzu don ya yi shekara uku yana tafinta a wani kamfanin jiragen ruwa a Pireyas, kusa da Atina, har ƙurar Masar ta fara sa shi tari.

Gaisuwa ce ta kawo su a wannan bazarar ta 2014. Inna, mahaifiyar Abdulnasir, ta taso daga Malumfashi aka yi mata aikin gwiwa, ta kama gida a unguwar Hayyin Sabi' tare da babbar 'yarta Fatuma. Saura kwana shida su Inna su koma gida. Rabon Inna da jikarta Fiddausi tun ana goya ta, ga shi yau ta shekara bakwai. Ƙanwarta Humaira kuwa a Girka aka haife ta, a hoto kawai kakarta ta san ta.

Da ma can Inna ba ta taɓa yarda da ƙasar ba, saboda sunanta. Ranar da aka gaya mata a waya inda ɗanta ya samu aiki, cewa ta yi, "A garinmu dai 'yan bori ake yi wa girka. Allah ya sa a dawo da hankali."

Ranar farko komai ya tafi lami lafiya. Ana buɗe ƙofa Fiddausi ta ruga ta faɗa jikin tsohuwa tana cewa, "Yaya! Yaya!" Azara ta yi maza ta bayyana cewa haka yaran Girka suke kiran kaka. Inna ta yi dariya har da riƙe gwiwar da aka ɗinke, ta ce madalla da ƙasar da ke mayar da tsohuwa yarinya. Ta tambayi jikar ko tana sallah, yarinyar ta ce, "Ne." Inna ta jira ƙarashen magana, shiru. Aka ce mata ai "ne" ɗin nan shi ne "e". Nan ma aka yi dariya. Abdulnasir ya samu fili, ya gyara zama ya shiga ba da darasi: Girkawa su ne iyayen falsafa, su ne suka koya wa duniya likitanci, abincinsu shi ya sa tsofaffinsu ke kai shekara ɗari. Ya ce shi kansa ya daina cin yaji, cikinsa ya saba da ganye da cuku. Fatuma ta buɗe man zaitun ta shinshina, ta ce ita dai ba ta ji abin da ya fi man gyaɗa ba, ta rufe.

Washegari bayan la'asar baƙi suka zo duba Inna. Akwai Hajiya Awadiyya, Bahaushiyar Sudan mai sayar da turaren wuta a Hayyin Ashir, wadda in labari ya shiga kunnenta da rana, kafin magariba ya gama zaga unguwa. Tare da ita akwai matan ɗalibai biyu. Inna tana son a ga jikarta, sai ta sa aka ɗauko robar dambun naman da ta yo guzuri tun daga gida, ta damƙo cikin hannu ta miƙa.

"Zo nan, 'yar gidan Yaya. Ungo, ki ci abin garinku."

Fiddausi ta dubi dambun. Ba ta jin yunwa. Ta ɗaga haɓa sama, ta ɗage gira, ta yi tsaki. Gajere ne, ɗan ƙaramin ƙas da harshe, amma a falon nan babu kunnen da bai ji ba.

Hannun Inna ya tsaya a miƙe. Hajiya Awadiyya ta ce, "La haula," ta ja mayafi ta rufe baki, idonta kuwa a buɗe tar.

Azara ta san wannan tsakin farin sani. Makonta na farko a Pireyas ta shiga kanti ta nuna hoton garin masara, mai kantin ya ɗaga haɓa ya yi mata shi. Ta koma gida tana kuka, wai an wulaƙanta ta don tana baƙa. Abdulnasir ya yi ta dariya har da buga ƙafa, ya ce ƙauyanci dai bai yi ba, ai a nan haka ake cewa a'a, babu raini a ciki. Haka ya yi mata dariya ranar da tsohuwar maƙwabciyarsu ta yi wa jaririya Humaira tuf, tuf, tuf sau uku, Azara ta fizge 'yarta za ta yi faɗa, ashe maganin kambun baka ne irin nasu. A duk ƙasar abu ɗaya ne Azara ta fahimta ba tare da tafinta ba, wato daƙuwa, don su ma yatsu biyar suke warewa kuma ma'anar ba ta canza ba. Sauran duk da kuka da kunya ta koye su, mijinta yana tsaye a kanta yana ce mata ta waye.

Ta durƙusa ta ce, "Inna, don Allah a yi haƙuri. Wallahi ba tsaki ba ne irin namu. A can haka suke cewa a'a, babba da yaro. Ko a nan Masar ma wasu suna yi."

Inna ta ce, "Ni gwiwa na kawo Masar, ban zo koyon tarbiyya ba." Ta juya wajen ɗanta. "Audu, haka ne? Haka ake amsa wa manya a ƙasar taku?"

Kalma ɗaya ake nema a bakinsa, kuma ya san ta da harshe huɗu. Ya dubi uwarsa, ya dubi Hajiya Awadiyya, ya dubi silin. Mutumin da jiya ya cika falon nan da labarin Girka yau ya zama baƙo a ƙasar.

"To, Inna," in ji shi, yana gyara wuyan riga, "gaskiya ni a cikin mutanen kirkin da nake hulɗa da su ban taɓa ganin haka ba. Ni kullum ina wajen aiki. Su ne ke wuni da maƙwabta. Ai malamai sun ce al-ummu madrasa, uwa ita ce makaranta."

Fatuma ta ce, "Ato."

Azara ta ɗago ta kalle shi. Bai yarda sun haɗa ido ba. Ta ja hannun 'yarta suka shige ɗaki.

Da safe Inna ta yanke hukunci, ba da faɗa ba, tana shan kunu. Ta ce ita ba za ta zuba ido jininta ya lalace a hannun mutanen da ko sunan ƙasarsu ba shi da daɗin ji ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fiddausi za ta bi ta Malumfashi, a sa ta islamiyya, ta koyi durƙusawa da amsa kira. In ta yi hankali a mayar musu. Ta ce a kawo fasfon yarinyar. Abdulnasir ya tashi da rawar jiki ya ɗauko ya miƙa da hannu biyu, sai ka ce kyauta aka ce ya bayar a gaban jama'a. Inna ta cusa shi a lalitarta ta ɗaure a ƙugu.

Azara ta tare shi a matakalar bene, inda babu mai jin su sai maguna.

"Baban Fiddausi, ka ji tsoron Allah. Kai ka koya mini tsakin nan. Ka koma ka gaya mata gaskiya."

"Ma'alish, ki yi haƙuri, Azara. Yanzu in koma in ce me? In ce na yi ƙarya a gaban baƙi?"

"Ai ƙaryar ka yi."

"Ki iya bakinki. Birrul walidaini, biyayya ga iyaye, wajibi ne. Shekara biyu ko uku ne fa, kamar gobe. Kuma ai ba wajen bare za ta ba."

"Yarinyar da ba ta taɓa kwana ɗaya ba tare da ni ba?"

"Khalas, an gama magana," in ji shi, ya sauka wai zai je ya gyara tikiti.

Ta tsaya tana jin takunsa har ƙasa. Da ma ta san mijinta ba jarumi ba ne, amma ba ta taɓa zaton zai sayar da 'yarsa don ya tsira da rawaninsa ba. Ta ji tsanarsa a ranar, ta kuma ji kunyar jin hakan.

Kwana uku ta yi tana gyara abin da bai ɓaci ba. Ta koya wa Fiddausi durƙusawa har ƙasa, ta koya mata "na ƙoshi, na gode," ta hana ta cewa "ne", ta hana ta "Yaya". Yarinyar ta yi ƙoƙari iyakar yinta. Tana kai wa Inna ruwan alwala, tana matsa mata ƙafa, in an yi mata tambaya sai ta dafe haɓarta da hannu kada ta ɗagu da kanta. Inna ta ga duk wannan, ta ce, "Kun gani ko? Kwana biyu kacal a hannuna." Wato duk wahalar Azara ta zama hujjar raba ta da 'yarta. Fatuma har ta sayo wa yarinyar ƙaramar jaka mai ruwan hoda.

Ranar da aka kawo jakar Fiddausi ta gane da gaske ake. Ta bi uwarta kicin tana kuka ƙasa-ƙasa.

"Mama, ni me na yi? Ai cewa kawai na yi ba na ci. Baba ma haka yake yi mini kullum in yana danna waya."

Azara ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. Haka ne kuwa. In Abdulnasir ya dulmiya a waya yana amsa saƙon kamfani, ko gobara ce ba da baki yake amsawa ba. In e ne ya sunkuyar da kai, in a'a ne ya ɗaga haɓa ya ƙasta harshe. Ita kanta ta sha wannan amsar ba adadi, har ta daina jin ta. Tun da suka iso ne yake kaffa-kaffa a gaban uwarsa, yana "na'am Inna, to Inna," kamar sabon ɗan makaranta.

Dabara ta faɗo mata. Tona asirin miji a gaban mahaifiyarsa ba ƙaramin abu ba ne, ba haka aka raine ta ba, kuma ta san bayan an rabu da Inna, da shi za ta koma gida ɗaya. Ta dubi 'yarta da ke share majina da bayan hannu. Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka albasa, zuciyarta ta riga ta tsaya wuri ɗaya.

Gwajin farko bai yi ba. Ta ga yana duba waya ta tura Fatuma ta tambaye shi ko zai sha shayi, ashe hotuna kawai yake kallo, ya ɗago ya ce, "A'a, Yaya Fatuma, na gode," da ladabinsa kamar na gaske. Azara ta koma kicin ta zauna a kan buhun shinkafa. Saura kwana ɗaya.

Ranar tafiya bayan azahar aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, zafi ya sauko, kowa ya fito falo inda taga take. An ɗaure akwatuna, jakar ruwan hoda tana saman su. Hajiya Awadiyya ta zo sallama da ƙullin turare, ta samu wuri ta zauna, don ba a barin irin wannan rana a ba ka labari. Sai wayar Abdulnasir ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Wani jirgi ne ya maƙale da takardu a Iskandariyya, kyaftin yana rubuto Girkanci, jami'i yana rubuto Larabci, shi yana tsakiya. Ya zauna a hannun kujera, ya tattara gira, yatsu suna gudu, har leɓensa na motsi.

Azara ta shiga ta ɗauko robar dambun. Ta durƙusa gefen Inna ta yi ƙasa da murya.

"Inna, ga sauran dambun nan, bai kamata a sake komawa da shi gida ba. Ko Baban Fiddausi zai taɓa? Ni in na ba shi ba ya karɓa."

Inna ta ce ai kuwa yana yaro har sata yake yi. Ta damƙo cikin hannu, yaji yana zuba ta tsakanin yatsunta, ta miƙa.

"Audu. Ungo dambu."

Bai ɗago ba. Haɓa ta yi sama, gira ta bi ta, harshe ya ƙasta. Nasa ma ya fi na yarinyar ƙara, don babba ne.

Babu fanka balle ta rufe sautin. Daga titi ana jin mai sayar da tulun gas yana buga ƙarfensa. Abdulnasir ya ƙara rubuta kalma biyu kafin shirun ya isa kunnensa. Ya ɗago, ya ga hannun uwarsa a miƙe, ya ga bakin Fatuma a buɗe, ya ga Hajiya Awadiyya ta gyara zama. Wayar ta zame daga hannunsa ta faɗi a kan kafet.

Fiddausi ce ta yi magana, da murnarta, don a ganinta taimako take yi.

"Inna, cewa ya yi ya ƙoshi. Ya gode."

Inna ta mayar da dambun cikin roba a hankali, ta karkaɗe hannu, ta goge da gefen zane. Ba ta ɗaga murya ba.

"Audu, shekararka nawa?"

"Arba'in da ɗaya, Inna. Wallahi ban san..."

"Kai da wace maƙwabciyar kake wuni?"

Ya sunkuya zai ɗauki wayarsa, Inna ta ci gaba.

"Ka ce uwa makaranta ce. A gaban matar nan ka faɗa, da Larabci ma, don ya yi nauyi. To ga makarantarka zaune da ɗinkakkiyar gwiwa. Ni na koya maka wannan?"

"A'a, Inna. Sabo ne. A can kowa haka yake yi, ba a nufin komai da shi."

"Ashe kowa haka yake yi." Ta gyaɗa kai. "Ran nan ba ka taɓa gani ba. Tsakin bai dame ni ba kamar yadda ka zauna kana kallo ina ɗora wa yarinyar mutane laifi, ka ɗauko takardar 'yarka ka ba ni da hannu biyu, don kawai kada a ce ka yi kuskure. Kwana biyar matar nan tana yawo a gidan nan kamar an yi mata mutuwa, kai kana cin abinci kana ƙoshi."

Ta kwance lalita ta zaro fasfon. Abdulnasir ya miƙo hannu, ta wuce shi kamar ba ta gani ba, ta ɗora a tafin Azara ta danne da nata hannun.

"Riƙe da kanki, 'yar nan. Ki yafe mini. Kuma ki koya mata na gida, ki bar mata na can, duk za su yi mata amfani. Wanda zai ba da 'yarsa don ya rufa wa kansa asiri ba a ba shi ajiya."

Azara ta so ta yi godiya, kuka ya riga ta. Ba daɗin nasara ta ji ba, ta dai ƙanƙame fasfon a ƙirjinta. Fiddausi ta je ta janye jakar ruwan hoda daga kan akwatuna ta rungume, don ita jakar tana so.

Mai tasi ya yi hon a ƙasa. Fatuma ta fara jan kaya, Hajiya Awadiyya ta tashi da sauri wai ta tuna ta bar tukunya a wuta, kowa kuma ya san tukunyar da za ta je ta sauke a Hayyin Ashir. Abdulnasir ya zube gaban uwarsa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Inna, a yi mini aikin gafara. Bari in riƙe ki mu sauka, in raka ku filin jirgi."

Inna ta dafa sandarta ta miƙe da kanta. Ta dube shi tun daga hula har takalmin da ya sayo a Atina. Sannan ta ɗaga haɓa sama yadda ta ga ana yi, ta ɗage gira, ta ja tsaki. Nata bai yi gajere ba. Dogo ne, mai jan iska ta tsakanin haƙora, irin wanda ake ji daga tsakar gida har zaure.

Fiddausi ta buɗe baki za ta fassara. Azara ta rufe mata shi da tafin hannu.

"Bari," ta ce mata a kunne. "Wannan ba na Girka ba ne. Babanki ya gane."